Barewar Sunan Nimatu

…kuma ai ba laifin bindigar ba ne. Ko nata ne? Fataw yana zaune cikin motar haya a bakin layinsu na Morrisania a Amurka, ya kashe inji, hannu biyu a kan sitiyari kamar mai jiran a ba shi hanya. Kular da ya saya don zuba nama tana kujerar baya, ƙanƙarar ciki ta narke, ruwa kawai ke kaɗawa. Hawa na huɗu, tagar kicin a buɗe duk da sanyin Nuwamba. Mma Zuweira, mahaifiyarsu, tana can tana soya albasa, har nan yake jin ƙamshi. Gobe sunan jaririn Nimatu, ƙanwarsa. Shi kuwa kawu, soja, wanda ya dawo bayan shekaru, ya buɗe baki gaban dangi ya ce bayan ragon suna zai kawo naman barewa. Wa ya aike shi?

Wa ya aike shi — sai don ya ga yadda suke kallonsa. Kamar baƙon da ba a san abin da yake ci ba.

Yaw ya faɗa masa. Yaw da suka yi soja tare, yanzu yana zaune can arewacin jihar, cikin itatuwa, bindigogi jere a kabad. "Ɗauki babbar, Fataw. Wannan doguwa ce a ido kawai, harsashin libarba take ci. In ba kusa-kusa ba, rauni za ka yi mata." Ya ji. Wallahi ya ji. Amma babbar in ta tashi, ba a kunne take tsayawa ba, cikin haƙarƙari take shiga, sai ga fagen yaƙi, ga rana, ga katangar laka, ga wani yana ihun sunan wani… a'a. Ba yanzu ba.

Sannan ga maganar Mma. "Ni fa ba na cin mushe, ko da Amurka ce ta kashe. In wuƙa ba ta bi wuya ba, kar ka shigo min da shi." Liman ya ce bisimilla a kan harbi ta isa, ya gaya mata. Ta ce liman ya ci nasa. To, sai ya yi lissafi irin na mai wayo: ƙaramin harsashi zai kayar da barewar, ba zai kashe nan take ba, ya isa da wuƙa, ya juya ta gabas, ya yanka. Kowa ya huta. Dabara ke nan, ko?

Wata mota tana masa oda a baya. Ba da shi take ba. Ko da shi take?

Ɗazu da safe barewar ta fito daga cikin hazo, tana taka ganye kamar mai tsoron tashin jariri. Da nisa. Ya san da nisa, hannunsa ya sani, idonsa ya sani. Bisimillahi, Allahu akbar — ta faɗi. Ta faɗi fa! Yaw yana ihu, "Ƙara mata! Ƙara, mutumina!" Shi kuwa ya ajiye bindiga a ƙasa. Soja guda, ya ajiye bindiga, ya zaro wuƙar layyar Mma da aka naɗe a jarida, yana gudu cikin ganye kamar yaron mahauci.

Saura kaɗan ya kai, ta miƙe. Kafaɗa ja. Ta dube shi… sai daji ya haɗiye ta.

Sun bi jini har rana ta karkata. Ɗigo a kan ganye, ɗigo a kan dutse, sai rafi, sai babu. Yaw bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Cewa kawai ya yi, "Ba za ta mutu yau ba. Wataƙila jibi." Jibi. Su suna nan suna cin shinkafa da wake, ana raɗa wa yaro suna, ita tana kwance a gindin wani itace tana lasar wurin da harshe ba ya kaiwa.

Fordham Road ba nisa. Akwai mahauci, akwai akuya. A yanka ƙanana, a cika yaji, wa zai gane? Mma. Mma da ke gane kifin jiya daga bakin ƙofa. Ba za ta tona shi ba, za ta zuba wa baƙi, ta ce ɗana ne ya harbo. Wannan ya fi zagi ciwo.

Wayarsa tana rawa a kan cinya. Nimatu. "Yaya, mun ga mota, a turo masu ɗauka?"

A turo. A ɗauki me?

Ko ya juya, ya koma, gobe da asuba ya tsallake rafin da babbar bindiga a kafaɗa, ya ƙarasa abin da ya fara? Sunan fa? Kafaɗar tasa za ta yarda?

Yatsansa yana kan mabuɗi. Bai murɗa ba, bai zare ba.

Abin da bai gaya wa Yaw ba — sa'ad da ta miƙe ɗin nan, da jini da komai, wani abu a ƙirjinsa ya ce alhamdulillahi. Kafin kunya, kafin tausayi. Alhamdulillahi, ta tashi.

To da wace niyya yake gudun, da wuƙa a hannu…