Mita Ɗari Tara Daga Ƙofar Makaranta

Jan biron ya tsaya cak a hannun Malamin Lissafi da ya iso takarda ta goma sha bakwai. Ta 'yarsa ce, Auta, wadda ke zama a layin gaba a ajinsa. Aikin da ya ba su mai sauƙi ne: kowa ya auna tafiyarsa daga makaranta zuwa gida har kwana biyar, ya zana nisa a tsaye, lokaci a kwance, sannan ya fitar da saurinsa. Yawancin yaran sun yi aika-aika, har da wanda lissafinsa ya nuna ya fi babur gudu da ƙafa. Na Auta kuwa tsaf yake, kuma tsaftar ce ta tayar masa da hankali.

Talata da Alhamis layinta ya miƙe sumul har gida. Litinin, Laraba da Juma'a kuwa layin yakan hau na minti goma sha biyu, sai ya kwanta samɓal na minti arba'in, sannan ya ci gaba. Shi da bakinsa ya koya musu cewa layin da ya kwanta yana nufin mutum ya tsaya wuri ɗaya. To, tsayuwar me yarinya 'yar shekara goma sha shida take yi a hanya har minti arba'in?

Malamar Turanci ta leƙo ta kafaɗarsa da kofin shayi a hannu. "Malam, lafiya? Ka zuba wa takarda ido kamar ta zage ka."

"Lafiya lau," ya ce, ya kife takardar.

Ba lafiya ba. Ya tuna yadda uwar Auta ke saurin tare shi duk ranar da ya tambayi abin da ya hana yarinyar dawowa da wuri. "Tana hanya mana, kai ma dai da sa ido." Ya tuna kular abincin da Auta ta fara ɗauka, wadda ta ishi ƙato biyu, alhali ita cinta bai fi na kyanwa ba. Ɗa ɗaya ya riga ya kuɓuce masa. Shekara uku ke nan da babban ɗansa ya watsar da jami'a ya ce shi gyaran mota zai koya, shi kuma ya nuna masa ƙofa, ya hana a ambaci sunansa a gidan. Ba zai zauna ta biyu ta lalace a gaban idonsa ba.

Ya jawo wata takarda. Saurin Auta mita saba'in da biyar a minti ɗaya, sau goma sha biyu, mita ɗari tara. Ranar kuwa Laraba ce.

Ana tashi ya ari agogon awon lokaci daga ɗakin gwaje-gwaje, ya riga ɗalibai fita, yana rage takunsa don ya yi daidai da nata. Ya wuce kantin magani, ya wuce gidan mai. Minti goma sha biyu suka cika a gaban shagon aski, inda samari huɗu suka baje a benci suna latsa waya. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na kusa da shi kama da mai laifi, musamman mai sarƙa a wuya. Ya laɓe a bayan wata motar kaya, kunya na cin sa, tsoro kuma ya fi kunyar.

Can sai ga Auta da kula a hannu. Ko kallon samarin ba ta yi ba. Ta tsallaka titi ta shige wani gareji, ta ja tsohuwar taya ta zauna kusa da wata mota da aka ɗage, inda ƙafafun wani namiji suka leƙo daga ƙasa. Ta faɗi wata magana, aka yi dariya daga ƙarƙashin motar, ita ma ta ƙyalƙyale irin dariyar da ya daɗe bai ji ta yi a gida ba.

Bai san lokacin da ya tsallaka ba. "Ke! Uban me kike yi a nan? Kai kuma fito, fito in ga idonka!"

Mutumin ya zamo waje a hankali, riƙe da sifana. Ya yi gemu, ya faɗa, baƙin mai har gwiwar hannu. Amma goshin nan ba ya ɓoyuwa, irin na Malam ne sak. Ya ajiye sifanar ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

Malam ya kau da kai. Ya juya ga Auta. "Ke da uwarki ke nan. Wata nawa kuna mayar da ni sakarai?"

"Shekara biyu, Baba."

"Kuma don rashin wayo kika zana min a takarda? Da kin ja layin ya miƙe, wa zai sani?"

Ta sunkuyar da kai tana murza murfin kular. "Sau uku na zana shi a miƙe ina yagawa. Ka hana mu faɗin sunan Yaya, amma ba ka hana zane ba. Na san za ka lissafa."

Mai garejin da yaransa sun daina aiki sun zuba ido. Ɗan nasa yana durƙushe har yanzu, gwiwa a cikin ƙasa mai maiƙo, yana jiran amsar gaisuwa. Malam ya buɗe baki don ya ce wa Auta ta wuce su tafi, sai ya ga wani tabon ƙuna a bayan hannun yaron, tsoho, wanda ya warke ba tare da ya taɓa jin labarinsa ba.

"Wannan fa? Yaushe?"

"Bara ne, Baba. Salansar mota ce ta ƙona ni."

Malam ya dubi tayar da Auta ke kai, ya dubi farar rigarsa mai guga.

"Matsa min," ya ce.