Shirun Baƙin Sama

"Kawu, ka bar wajen nan fayau," in ji mai situdiyo, yana ƙwanƙwasa gilashin ɗakin ɗaukar murya. "Sa musu magana mana."

Tsohon ya zare abin kunne. Tun yana da baƙin gashi aikinsa ke nan, ɗora murya a kan finafinan waje. Mai situdiyon ɗan ƙanwarsa ne, yaron da ya sha share wa majina, yau shi ne oga.

Kashi na biyu suke yi na fim ɗin halittun da suka sauko daga wata duniya. A na farko baƙin ba su ce uffan ba. Sun tsaya a bakin wata gona, 'yan Adam suka yi ta zuba musu tambayoyi, suka koma ba amsa. A na biyun kuwa an ba su haƙora da bindigogi, har da sarki mai tumbi. Wuri ɗaya ne ya tsira: wata tsohuwar masaniyar kimiyya ta sake haɗuwa da baƙon da ta sani tun a kashi na farko, suna kallon juna, shiru.

"Ai ba su yi magana ba," in ji tsohon.

"Shi ya sa muke da kai. Wancan karon da ka bar su shiru, masu kallo cewa suka yi faifan ya lalace. Ka sa ya ce mata ta tsufa, ko ya roƙe ta kuɗin mota. A yi dariya."

"Ya ƙetaro taurari don kuɗin mota? Dangin ubanka ne?"

Mai haɗa sauti ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Kawu, don Mama nake haƙuri da kai, wallahi. Ko ka cike wajen nan, ko ka je gida ka huta."

Gida. Ɗaki da rediyo da kujerar da babu mai zama a kanta tun rasuwar matarsa. Ya daɗe yana duban makirufo, sannan ya mayar da abin kunne.

"Kunna."

Jar fitila ta kama. A fim ɗin, tsohuwar ta ɗaga hannu, baƙon ya karkata kai. Tsohon ya matso daf da makirufo, ya riƙe numfashi don kada ko shi ya shiga, har hoton ya wuce.

"Na gama," ya ce, ya ɗauki hularsa.

"Kawu! To me zan ce wa Mama?"

"Kunna mata. Ka ce nan ne na fi ƙoƙari."