Sabon Fenti

Warin fenti ne ya fara tarbar Barau tun kafin ya ƙarasa harabar ofishin sufurin karkara. Manyan motoci uku ne a jere, shuɗaye, suna ƙyalli a ranar hantsi. Jibi za a ƙaddamar da su, su fara jigilar mutane tsakanin Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. Shi ne ma'ajin ofishin. Sai ya tabbatar sababbi ne kafin a sallami ɗan kwangila.

Ya tattare babbar rigarsa ya leƙa ƙarƙashin ta farko. Tsatsa ta cinye ƙarafunan, an ɗaure wani da waya. Ya karci ƙofar da makulli, koren fenti ya leƙo. Nan take ya gane su: motocin dakon gyaɗa ne da aka jingine tun shekarar da cuta ta cinye gonaki. Ɗan kwangilar kuwa Kawu Ubale ne, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa, ya kai shi makaranta Kano.

*

Bayan la'asar ya same shi a zaure.

"Kawu, motocin nan ba za su ɗauki rai ba. Birkinsu ya mutu."

Kawu Ubale bai ɗago daga goron da yake ɓarewa ba. "Rai a hannun Allah yake, Barau. Ko sabuwar mota tana faɗuwa."

"Haka ne. Amma ba zan ce sababbi ne ba."

"Ba za ka ce ba?" Ya ajiye goron. "Na sama sun gani sun yi shiru, kowa ya ci rabonsa. Kai da na saya wa takalminka na farko ne za ka tona mini asiri? Ashe tsintacciyar mage ba ta mage."

Maganar ta soke shi, amma ya miƙe. "Na san alherinka, Kawu. Da gumina zan rama, ba da wuyan talakawa ba."

A gida matarsa Lauratu ta saurare shi tana tankaɗe. "Za su kore ka," ta ce. Can ta ƙara da cewa, "To, su kora. Kafin aikin gwamnati ma muna cin tuwo."

*

Ranar biki aka kafa rumfa, maroƙa suna ta zuga Alhaji Ubale. Shugaban ofis ya kira ma'aji ya tabbatar wa jama'a cewa gwamnati ta karɓi sababbin motoci. Barau ya karɓi lasifika.

"Jama'a, motocin nan sun girmi wasu daga cikinku. Fenti ne kawai sabo. Wanda yake shakka ya leƙa ƙarƙashinsu."

Makaɗa suka tsaya. Wani ya fizge lasifikar. Babu wanda ya tashi ya leƙa; kowa ya sunkuyar da kai, kamar Barau ne ya yi abin kunya. Aka ce zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Mataimakinsa ya tabbatar da motocin, aka tafa, aka ci gaba da kiɗa.

*

Kafin watan ya mutu aka mayar da shi Gagarawa, kula da rumfunan kasuwa. Sau biyu ana aiko masa cewa in ya janye maganarsa zai koma kujerarsa. Ya ce a gaya musu inuwar rumfa ta ishe shi.

Wata ranar kasuwa ɗaya daga cikin motocin ta shigo tasha, maƙil da mata da buhunan gero. Ba ta iya tsayawa ba sai da kwandasta ya diro a guje ya cusa gungume a ƙarƙashin taya. A cikin matan Barau ya hango Inna Safara'u, mahaifiyarsa, wadda ba ta amsa gaisuwarsa ba tun ranar bikin.

Ya ruga ya kama ƙarfen bodin. "Inna, don Allah ki sauko. Zan nema miki wata."

Ta gyara mayafinta, idonta a kan hanya. "Motar ɗan'uwana ce," ta ce.

Kwandasta ya zare gungumen. Barau ya bi motar yana kira har ƙarshen tasha, sannan ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa.