Hular da Aka Sa wa Ishiyaku

Wani dare na ji kuka ta bayan dangata, kamar an sa tantabara a cikin tulu. Ni kuwa mutum ne mai son abin mamaki. Har ƙwai mai gwaiduwa biyu ajiyewa nake. Na leƙa. Ashe maƙwabcina ne, Ishiyaku, zaune yana kaɗa kai, matarsa Khuzaima tana canja masa wando.

Haka ya koma tun ranar kasuwar Gwaram, da ƙofar bayan motar Alhaji Sabo ta faɗo masa a ka. Da tsumma aka ɗaure ƙofar, ko da yake direba ya sha faɗa wa Alhaji a yi mata walda. Gefen kan Ishiyaku ya lotsa, har nakan yi tunanin in aka yi ruwa zai taru a wurin tsuntsu ya sha.

Wata lauya mai suna Hidaya ta shigar da ƙara a Birnin Kudu, don a samu diyyar da za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano. Ta ce, "Ku kawo shi yadda yake."

Yayansa Ƙasimu ya ce, "Yadda yake? Ɗan gidanmu, a gaban alƙali, da yawu a gemu? Sai dai bayan raina."

Aka yi masa aski, aka aro babbar riga, aka danna masa hula har ta rufe lotsawar. Ƙasimu ya kwana biyu yana koya masa amsa gaisuwa, in ya kuskure ya murɗe masa kunne.

Ranar shari'a na bi su daga ƙauyenmu Kwandiko, don na daɗe ina son ganin ko gashin kan lauyoyi na tunkiya ne. Da Hidaya ta ga Ishiyaku sai ta ce a cire hular. Ƙasimu ya ce ba a tsayawa gaban manya kai ba hula. Ana cikin haka aka kira mu.

Lauyan Alhaji ya matso yana murmushi.

"Malam Ishiyaku, ya jiki?"

"Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

"Iyali fa?"

"Lafiya lau."

"Masha Allah! Ya fi ni lafiya, ni da hawan jini."

Aka yi dariya. Ishiyaku ma ya yi.

Aka kira Khuzaima. Lauyan ya tambaye ta ko maigidanta yana zagayawa bayi da kansa. Ta dubi surukanta jere a benci, ta dubi ƙasa.

"Ɗaga murya, Hajiya."

"Yana yi."

Daga baya Hidaya ta sa aka cire hular, ta miƙa takardar asibiti, amma alƙali ya riga ya ji daga bakin mai ciwo da matarsa. Kuɗin ɗinkin rauni da magani kawai aka yanka wa Alhaji.

A mota Ƙasimu ya ce, "Ko ba komai, bai ba mu kunya ba."

Da muka iso, A'i mai ƙosai ta leƙo ta kan danga.

"Khuzaima, barka! An ce ya warke. Yaushe zai koma gona?"