Gonar da Ke Bayan Ƙaya

Katafilar ta juya a inda take tsaye, ta cusa haƙoranta a gindin wata ƙaya, ta ɗaga. Itacen ya yi ƙara, ya fito da saiwarsa da ƙasarsa, ya bar rami. Harisu ya ji daɗi har cikin ransa. Ya daɗe yana son ganin an yi wa ƙayar nan haka.

"Ka gani ko?" in ji Abdoul Razak, dillalin da ya kawo injunan daga Damagaram. "Wannan ba ta san sulhu ba. In ta tumɓuke, shi ke nan."

Injuna biyu ya kawo, ƙananan katafila, kowacce ba ta fi shagon mai shayi ba. Ɗaya na tafiya kan tayoyi, da haƙoran tumɓuka a gaba. Ɗayar kan sarƙar roba take rarrafe, a bakinta akwai wata ganga mai juyawa wadda ke niƙe itace ya koma ɓarɓashi, amma ba ta taɓa saiwa. Projé, wato shirin tallafa wa manoma, zai saya wa ƙungiyar manoman tattasai guda ɗaya tak, domin share gonakin bakin kogin Komadugu da ƙaya ta cinye tun shekarun da rashin tsaro ya raba mutane da kwarin. Dattawa suka ce Harisu ya zaɓa, tun da shi ke gyara musu motopom, injin ban ruwa, tun yana saurayi. Suka kuma ce a yi gwajin a gonar mahaifinsa, wai ta fi kowacce cunkushewa. Bai yi musu ba, don shi ma abin da yake so ke nan.

Duk shekarun nan a garin Diffa yake, yana kwance injin wutar mutane yana ɗaurawa a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Hannunsa na aiki, hankalinsa na gona. Wani lokaci mai inji sai ya yi magana sau biyu kafin Harisu ya dawo. Da aka buɗe hanya ya zo sau da dama, amma ƙayar ta yi katanga, ko akuya ba ta iya ratsawa. Sai ya tsaya a bakin hanya ya yi ta kallo, ya koma gida. Bai ga gonar da idonsa ba, don haka a ransa kullum tana nan yadda ya bar ta.

"Malam Harisu, a gwada ta biyun kafin rana ta yi zafi," in ji Madam Aliya, wakiliyar projé, wadda ta zo daga Yamai da hular rana da gorar ruwa.

"A gwada, Madam. Amma ni zuciyata ta riga ta zaɓa."

"Zuciya ba ta sa hannu a takardun dosiye," ta ce tana murmushi. "Sai ka ga duka biyun."

Halilu direba ya sauko daga mai tayoyi, ya karkaɗe wando, ya hau mai sarƙa. Ya tambaya ta ina zai bi. Harisu ya miƙa hannu kudu, wajen kogi.

"Miƙe kawai. Tafiya ce mai nisa, kada ka ji tsoro. Sai ka wuce kwalbatin ruwa biyu, ka wuce wata kurna, sannan ka fara jin ƙamshin kogi."

Gangar ta fara juyawa, injin ya shiga cikin ƙaya kamar saniya a cikin harawa. Bayansa hanya ta buɗe, shimfiɗe da ɓarɓashi mai laushi, ga ƙamshin ɗanyen itace. Rassa sun haɗu a sama, rana na ɗigowa ta tsakaninsu. Harisu ya bi a hankali, sauran suka tsaya a baki.

Bai yi nisa ba ƙarar injin ta fara rikiɗa a kunnensa, ta koma bugun tsohon motopom ɗinsu. Sai ya ga ruwa yana gudu a kwalbati, yana shiga fage bayan fage, mahaifinsa a sunkuye yana buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan da ƙafa. Ya ga kaka ta yi, an shanya tattasai a kan yashi, ja wur har inda ido ya tsaya. Mata na tsince shi suna atishawa suna dariya, manyan motoci na jira a bakin hanya. Ya ga kansa ma, ba yaro ba, shi na yanzu da furfurarsa, yana zagaya gonar da yamma hannu a baya. Har ya raba ta a ransa. Gabas tattasai, wajen kurna albasa, bakin ruwa kuma ɗan fili na Barira matarsa, ta shuka yakuwa da kuɓewa ta daina cewa ya aure ta ya ajiye a cikin hayaƙin janareta.

Ƙafarsa ta tuntuɓe da wani ɗan tudu. Ya duba, kwalbatin farko ne, ƙasa ta cike shi amma yana nan. Sarƙar robar ta taka shi ba ta rusa ba. Ya tsuguna ya shafa shi, ya ji ƙwalla ta taru masa.

Sai injin ya yi shiru.

"Me ya faru?" ya tambaya. "Mai ya ƙare?"

Halilu ya leƙo ta taga. "Baba, zo ka gani. In na ƙara gaba, sai dai a ciro ni da igiya."

Harisu ya raɓa ta gefen injin, ƙaya na kama masa riga. Bayan layin itatuwan da suka rage akwai haske mai yawa, irin wanda bai kamata a gani a nan ba. Ya ɗaga reshe. Komadugu ne a gabansa, a kwance, yana tafiyarsa a hankali ba abin da ya dame shi.

Ya daɗe yana kallo bai gane ba. Ya waiwaya ya dubi kwalbatin, ya sake duban ruwan. A lissafinsa yanzu ne ya kamata ya shiga tsakiyar gona. Can ƙetare, ɓangaren Najeriya, wani sabon tudun yashi ya kwanta, shanu na hutawa a kai. Ambaliyar shekarun baya, wadda ya ji labarinta a bakin mutane yana cewa Allah ya kyauta, ashe ta nan ta bi.

Wani masunci ya zo wucewa a kwalekwale, yana tura gora. Ya ga mutum a cikin ƙaya ya ɗaga hannu, ya yi gaisuwa da Barbarci.

"Wushe, mai gona. An dawo ke nan?"

"An dawo," in ji Harisu. "Ba ka ga wata kurna ba a wajen nan?"

Masuncin ya buga gorarsa a ruwa, kusa da tsakiyar kogin. "Ga ta nan ƙasa. Ta yaga mini koma ba sau ɗaya ba. Amma kifi na son wurin."

Ya tura jirginsa ya wuce. Harisu ya zauna a bakin gaɓa, ƙafafunsa na lilo. Baƙin ciki ya danne shi, irin wanda ba ya zuwa da kuka. Ba mahaifinsa, ba jan tattasai, ba filin Barira. Abin da ya rage masa daga hanya zuwa nan ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Yana nan zaune ya sunkuyar da kai, ya ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ruwa ya ja baya a wannan lokaci na shekara, gaɓar ta fito tsirara. Kogi ya ƙwaƙule ta ta ƙasa, ya yi mata kogo. Amma saiwoyin ƙaya sun saƙa kansu cikin ƙasar, manya da ƙanana, sun rungume ta gam. Ya duba hagu, inda wani ya taɓa sare itatuwa ya haƙe kututturan don gawayi. Can ruwa ya shige ciki sosai, ya yi gwiwa. Ya sa hannu ya kama wata saiwa ya ja. Ko motsi ba ta yi ba.

Ya ji takun mutane a kan ɓarɓashi. Madam Aliya ta iso, ta ga ruwan, ta dubi fuskarsa, ta cire hularta. Abdoul Razak ya tafa hannu a hankali.

"Sai haƙuri, Malam Harisu. Allah ya mayar da alheri."

"Amin."

"To, sauran gonar sai mu tsabtace maka ita da mai tayoyi, ko ɗan tsiro kada ya rage."

Harisu ya girgiza kai. "Mai sarƙa za mu ɗauka."

"Ka san dai ba ta cire saiwa," in ji dillalin. "Ni gaskiya nake gaya wa kiliyana mai saye. Damina ɗaya, ƙayar ta sake toho. Kowace shekara kuna tare da ita."

"Na sani. Cikin gona za mu haƙe da hannu, sannu a hankali. Amma kada ƙarfen tumɓuka ya kusanci bakin kogin nan, a gonata ko ta wani."

Madam Aliya ta gyaɗa kai. Halilu ya tayar da injin, ya nuna layin ƙayar da ya rage tsakaninsu da ruwa.

"Baba, in aske wannan ma? Ka riƙa ganin kogi daga gona."

Harisu ya miƙe, ya zare wata ƙaya da ta shige masa tafin hannu. Jini ya ɗan fito, ya tsotse.

"Bar su," ya ce. "Ka ja da baya a hankali, kada ka taka musu gindi."