Akushin Dona Leonor

"Ba nan ba, ku zaga ta baya," in ji Dona Leonor, tana nuna hanyar kicin da biro, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kifi ne? Ai Litinin muka ce."

Amandio ya dubi akwatin da ke hannunsa, ya dubi sabuwar rigarsa mai furanni.

"Ba kifi ba ne, Dona. Baƙi ne mu, ni da matata. Kwana biyu."

Ya ajiye takardar kwana kyauta a kan teburin. A ƙuri'ar bikin ma'aikatan tashar jirgin ruwa ta São Tomé ya ci ta, wata bakwai ke nan tana cikin leda a ƙasan katifa. Dona Leonor, manajar masaukin, ta karanta ta sau biyu, ta juya bayanta, ta ɗaga ta a haske. Sannan ta nemo murmushi ta ɗora.

"Barka da zuwa gida," ta ce. "An ba ku ɗakin Numfashi."

"Lamba nawa ke nan?"

"Ɗakunanmu ba su da lamba. Suna gare su."

Idalina na tsaye bayan mijinta, da baƙin tabarau da malafa mai faɗin faifai. Ta san Numfashi. Shi ne wanda rufinsa ke yoyo, tsakanin Natsuwa da Tushe. Babu fanka, babu talabijin, babu ƙofar kirki, irin ɗakin da kakarta ta mutu tana addu'ar Allah ya fitar da jikokinta daga cikinsa. Turawa kuwa sai su hau jirgi uku su zo su kwana a ciki, su tashi suna cewa sun gano kansu.

Shekara huɗu ta yi a masaukin nan tana wanke ƙafar baƙi. Duk wanda ya iso, ko ya dawo daga yawon daji, sai a zaunar da shi a kujerar gora, mace ta durƙusa da akushi, ruwan ɗumi, ɓawon kokon cakulan da ganyen lemo, tana wanki tana bayanin cewa haka kakannin tsibirin Príncipe ke tarbar baƙo. Wata rana wani baƙo ya tambaye ta ko kakarta ce ta koya mata. Idalina ta ce a'a, Dona ce ta gani a wani otal a Bali ta nuno musu a waya. Kafin azahar an sallame ta. Takalminta na cikin akwatin ma'aikata, Dona ta ce makullin ya ɓata. Kilomita goma sha ɗaya ta taka zuwa garin Santo António, a ruwan sama, ƙafa tsirara.

Amandio bai san wannan ba. Ya dai san ta taɓa aikin otal. Abin da ya ɗaure masa kai kawai shi ne yadda ta kafe kan ranar zuwa: sha biyar ga Agusta ko a fasa. Ya ɗauka son biki ne. Ranar bikin waliyyi São Lourenço ce, ranar da duk mai ƙafa a tsibirin ke cikin gari, rabi sun sa ja rabi shuɗi, ana yaƙin wasa da takubban katako tun safe. Ko za a yanka su, 'yan matan masaukin ba sa zuwa aiki ranar.

"Ga makulli," in ji Dona. "Ku bi wannan hanyar, za ku ji kukan aku..."

"Wankin ƙafar fa?" in ji Idalina.

"Ayya, yau kam an ɗan samu..."

"An rubuta a takardar. Amandio, karanta mata."

Amandio ya sa yatsa ya bi layin. "Tarba irin ta kakanni. Ga shi nan kuwa." Ya rage murya. "Ke, mu bar shi mana. Na yi wanka da safe."

Wasu Jamusawa biyu, mata da miji, na zaune a gefe suna shan ruwan kwakwa da tsinken gora. Idalina ta juya wajensu, ta saki Turancin da ta tsinta a bakin baƙi tana durƙushe.

"Ku an yi muku jiya, ko? Da daɗi?"

Matar ta dafe ƙirji. Ta ce har kuka ta yi. Ta ce ba ta taɓa jin an karɓe ta a matsayin ɗan Adam ba sai jiya.

"To mu an ce yau babu," in ji Idalina. "Ban san dalili ba."

Bajamushen ya dubi Idalina, ya dubi mijinta, ya dubi Dona. Dona ta ga abin da ya duba: baƙaƙen fata biyu da aka hana abin da aka yi wa Turawa.

"Firmina!" ta ƙwala kira. "Kawo akushi!"

Idalina ta lissafa kowa, ta manta da Tiya Firmina, innar kowa, mai wanki da guga, wadda ta daina zuwa biki tun da gwiwa ta kama ta. Tsohuwar ta fito tana jan ƙafa, akushi a kai, tawul a kafaɗa. Ita ce ta rufe idon kakar Idalina ranar da ta rasu. In ita ta durƙusa, gara Idalina ta koma iyo har São Tomé.

Idalina ta zauna a kujerar gora. Tiya Firmina ta sauke akushin, ta sunkuya, ta kai hannu ga igiyar takalmin Idalina. Sai ta tsaya. Akwai tabo a babban yatsan ƙafar hagu, tabon adda, ita da kanta ta ɗaure shi da tsumma shekara ashirin da suka wuce. Ta leƙo ta ƙarƙashin malafar.

"'Yar banza," ta ce can ƙasa, da yaren tsibiri. "Kin yi ƙiba."

"Tiya, kada ki durƙusa."

"Wa ya ce miki zan durƙusa?"

Ta dafe ƙugu ta saki ƙara har akun da ke kan rufi suka watse.

"Wayyo bayana! Wayyo Dona, ya riƙe! Uwar Yesu, ya riƙe!"

Amandio ya yi tsalle ya tallafe ta, ya zaunar da ita a kujerar Jamusawan, ya karɓi ruwan kwakwar matar ya ba ta. Ta shanye tas, ta gyara zama inda za ta ga komai sosai.

Bajamushen ya riga ya ciro kyamara.

Dona Leonor ta cire agogo, ta cire zobba uku, ta naɗe hannun farar rigarta. Ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara. Ta kwance takalmin, ta kama ƙafar Idalina da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ta tsoma a ruwa.

"A wannan tsibiri," ta fara, da muryar da take ajiyewa don baƙi, "idan baƙo ya iso, kakanninmu..."

"Kakannin wa?" in ji Idalina.

"Kakannin tsibirin. Sukan ce ƙafa ita ke ɗauke da labarin tafiya."

"Allah sarki," in ji Tiya Firmina.

Idalina ta cire tabarau. Ta cire malafar ta ɗora a cinya. Ta jira. Shekara uku tana tsara wannan lokacin a kan keken ɗinkinta: Dona za ta ɗago, fuskarta ta yi fari, bakinta ya kama rawa. Dona ta ɗago kuwa. Ta dube ta ido cikin ido, ta yi murmushi.

"Wannan ne zuwanki Príncipe na farko?"

Matar nan ba wasa take ba. Shekara huɗu, kullum da safe a jere a gabanta ana duba farce, amma ba ta san fuskar ba. Ga ta a ƙasa, ga hannunta a ruwa, amma a wajenta ƙafar wata baƙuwa ce kawai mai fitina.

Idalina ta dubi ruwan. Sannan ta yi magana a hankali, ba da muryarta ba, da muryar Dona, da irin lanƙwasar harshenta ta mutanen Lisbon.

"Ruwan ya huce. Kuma ba a kallon baƙo a ido, ba ƙawarki ba ce. Tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Sau nawa zan faɗa? Ko akuya aka koya wa da yanzu ta iya."

Hannun Dona ya tsaya cak a cikin ruwan. Fatarta ta fara yin ja daga wuya, har kunne.

"Ivone?" ta ce.

"A'a."

"Ilda."

"Ki ci gaba, akwai sauran mu da yawa."

"Idalina ce, Dona," in ji Tiya Firmina. "Mai takalmi."

Dona ta yunƙura za ta tashi. Kyamarar ta yi ƙyas. Matar Bajamushen ta haɗa hannu a ƙirji, idonta ya kawo ruwa, tana cewa dubi, manaja da kanta. Dona ta koma ta durƙusa. Ta wanke tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya, har goma. Ta goge da tawul. Ta shafa man kwakwa.

"Saura na maigidana," in ji Idalina. "Lamba arba'in da shida yake sawa. Sai kin ƙaro ruwa."

A ɗakin Numfashi, Amandio ya ajiye akwati ya zauna bakin gado yana kallon ƙafafunsa suna ƙyalli.

"Faɗi," in ji Idalina.

"Wata bakwai ina ɓoye takardar nan kar ɓera ya ci. Na sayi riga. Na ce wa mutanen wajen aiki zan kai matata ta huta." Ya shafa ƙeya. "Ashe ni ɗan rakiya ne."

"Rigar ta yi maka kyau."

"Kada ki raina min hankali, Idalina. Wane takalmi tsohuwar ke nufi?"

Ta gaya masa. Ba ta ƙara gishiri ba, ta faɗi kilomita, ta faɗi ruwan, ta faɗi motar ma'aikata da ta wuce ta a hanya direban ya kau da kai don an hana shi tsayawa. Ta ce takalmin ja ne, sau biyu kawai ta sa shi.

Amandio ya daɗe yana kallon rufin da ke yoyo. Sannan ya jawo littafin dokokin masaukin daga kan tebur, mai bangon ɓawon ayaba, ya bi layi da yatsa yana motsa baki.

"Nan an ce duk sanda baƙo ya dawo daga daji."

"Haka ne."

"Ba a ce sau nawa ba."

"Ba a ce ba."

"'Yan matan yaushe za su dawo?"

"Bayan São Lourenço? In sun iya tashi, Litinin."

Ya miƙe, ya tuɓe sabuwar rigar ya rataye ta da kyau, ya sa tsohuwar singileti. Suka fita ba takalmi. Hanyar baƙi an shimfiɗa mata katako har bakin rafi, don kada a taɓa daji a ji ciwo. Idalina ta nufe ta, ya riƙo hannunta.

"Ina za ki? Ke da kika san wurin. Ina aladun ƙauye ke kwanciya?"

Ta nuna masa da haɓa, can ƙasan bishiyoyin koko, inda ƙasa ba ta bushewa ko da rani. Ya je ya gwada da ƙafa ɗaya, ta nutse har ƙauri, ya zaro ta da ƙyar, baƙa ƙirin, tana wari.

"Nan ya fi," ya ce. "Taho a hankali, kar ki zame."