Ranar da Kwamiti Ya Shigo Maamobi

Hajiya Abibata tana yanka albasa a ƙofar ɗakinta a unguwar Nima ta ji labarin a rediyo. Wai an kai ƙuduri gaban majalisa, za a haɗe fanshon tsofaffin 'yan kwana-kwana da na sauran ma'aikata, a kuma cire tallafin asibiti da ake ba waɗanda hayaƙi ya ci wa ƙirji. Ta ajiye wuƙar. Ita kam ta yi ritaya da ƙarfinta, har tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da safe. Moro ne ya faɗo mata a rai.

Moro shi ne direban motarsu tun tana sabuwar shiga, lokacin da mutanen Zango ke tsayawa kallonta don ba su saba ganin mace cikin kayan kashe gobara ba. Lungunan Nima da Maamobi ba sa ɗaukar motar ruwa, saboda haka sai ya bar ta a bakin titi, ya saɓa tiyo a kafaɗa ya bi su ciki, alhali ba aikinsa ba ne. Yanzu matakalar masallaci ma sai ya huta kafin ya gama hawa.

Da la'asar ta same shi a Maamobi, zaune kan benci yana tari. Ta gaya masa kwamitin majalisa zai saurari jama'a, ƙungiyarsu ta tsofaffin ma'aikata kuma ta zaɓe ta ta yi magana.

"Yaya Moro, ka zo mu tafi tare. Ba sai ka ce komai ba."

"In tsaya a nuna ni kamar mai neman sadaka? Hajiya, na yi aikina, an sallame ni da mutunci. Bar ni da shi."

Ta lallashe shi har aka kira magariba, bai sauya ba. Ta koma gida ranta a ɓace.

Ranar zaman ta hau trotro, ƙaramar motar haya, ita kaɗai. Zauren yana da sanyi, 'yan kwamiti sun jeru a gaba. Ta yi bayani da Turanci, inda ya ƙi fita ta cika da yaren Twi. Ta faɗi yadda hayaƙin katifa da roba ke zama a ƙirjin mutum, ba ya nuna kansa sai bayan an ajiye aiki. Sun saurare ta da kyau. Sai wata 'yar majalisa mai matsakaicin shekaru ta cire tabaranta ta ce, "Mma, na yarda da ke. To amma ina suke? Ke kin zo da lafiyarki. Masu ciwon fa?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, Abibata ta gane haka. Ta ce, "Wasu ba sa iya hawa mota. Wasu kunya ta hana su. In kuna son ganinsu, sai dai ku ku zo."

Aka yi dariya kaɗan. Matar ba ta yi ba. Ta karkata ta yi magana da shugaban kwamiti, ya gyaɗa kai alamar za su zo.

Daga nan Abibata ta bar tukunyar waakye a hannun ƙanwarta Sala, ta shiga yawo. Kanda, Adabraka, Zongo Lane, duk inda aka ce wani tsohon ma'aikaci yana nan sai ta je. Ta tarar wasu sun rasu ba ta ji ba. Ta sami Hudu, wanda ya koya mata riƙe tiyo, idonsa ya tafi, amma tana yin sallama ya kira sunanta. Suka zauna suka yi ta kuka da dariya. Moro kuwa ba ta sake yi masa zancen ba.

Aka shirya zaman a filin wata makaranta a Maamobi, aka kafa rumfa. Motocin 'yan kwamiti suka kasa shiga, dole suka sauka a titi suka tako, suna tsallake kwata suna raɓa bango. Tsofaffi suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, matan da mazansu suka rasu ma suka yi. Ana shirin rufewa sai ga Moro, sanye da farar riga mai guga, yana tafe yana hutawa. Ba wanda ya kira shi. Ya karɓi lasifika.

"Ni ba roƙo ya kawo ni ba," in ji shi. "Na ji kun zo unguwata, bai kamata baƙo ya zo in ƙi fitowa ba. Hanyar nan da kuka biyo, ita muke bi da gudu, da tiyo a kafaɗa, wuta na gabanmu." Tari ya sarƙe shi. Aka miƙo ruwa, ya ɗaga hannu a jira shi har ya samu numfashi. "Masu aikin yanzu suna kallon yadda za ku yi da mu. Shi ke nan maganata."

Bayan 'yan makonni labari ya zo cewa kwamiti ya jingine sashen cire tallafin asibiti, sai an ji ta bakin likitoci. Batun haɗe fansho yana nan ba a gama ba, kowa ya san da sauran aiki. Amma tsofaffin da suka daɗe ba su ga juna ba sun mayar da filin makarantar wurin zamansu na ranar Asabar.

Asabar ɗin farko Abibata ta isa da kular abinci, ta tarar Moro ya riga kowa zuwa, yana nuna wa masu gadi inda za a jera benci.

"Hudu ba shi da mai kawo shi," ya ce mata. "Na yi magana da wani mai tasi, mako mai zuwa ni zan ɗauko shi."